Masu tada rauta bayan ta suma

Wannan sana'a ba ta da layinta a kasuwa, ba ta da sarki, ba ta ma da allon talla. A kasuwannin waya irin su Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja za ka ga masu sauya gilashi a jere, masu caja a jere, masu filashin a jere. Mai aikin rauta kuwa sai an yi tambaya. Yawanci a cikin masu filashin ɗin yake, ko cikin masu ja wa ofisoshi da makarantu kebul, kuma ba da rauta yake cefane kullum ba. Sai ranar da wani ya shigo da na'urar wayfai a leda, ya ce tun jiya fitila ɗaya ke ta ƙiftawa, sannan a nuna masa wani lungu a ce, "Kai wa Injiniya, shi ya san kansu."

Rautar nan da ke zaune a saman durowa kwamfuta ce sosai, allo da madannai kawai ta rasa. Tana da ƙwaƙwalwa mai lissafi, tana da ma'ajiyar aiki, tana kuma da wata 'yar aisi mai ƙafa takwas inda manhajar da ke tafiyar da komai take kwance. Kamfanin da ya ƙera ta shi ya zuba manhajar, shi ya yanke abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba, kuma da ya fitar da sabon samfuri sai ya juya wa tsohon baya. Aikin Injiniya shi ne ya kwashe manhajar kamfani ya zuba wata wadda 'yan sa kai suka rubuta suke kuma kula da ita, sannan in abin ya kwaɓe ya dawo da na'urar cikin hayyacinta. Zubawar kowa ma zai iya, maɓalli ɗaya ne a burauza. Dawowar ita ce sana'ar, kuma gwani tun kafin ya taɓa komai yake tanadin hanyar da zai bi ya fito.

Daga Amurka abin ya samo asali, kuma rigima ce ta haife shi. A Disamban 2002 kamfanin Linksys ya fitar da wata rauta mai launin shuɗi da baƙi, mai eriya biyu, WRT54G. A 2003, shekarar da Cisco ya sayi Linksys a kan dala miliyan 500, masu bin ƙwaƙƙwafi suka gano Linux ce a cikinta. Linux kyauta ce amma da sharaɗi: lasisinta na GPL ya ce duk wanda ya ɗauke ta ya gyara ya sayar, dole ya ba mai saye rubutun manhajar domin shi ma ya iya gyarawa. Linksys bai bayar ba. Aka taso shi gaba, kafin shekarar ta ƙare ya saki rubutun. Daga nan manhajojin 'yan sa kai suka fara fitowa: a Janairun 2004 aka fara OpenWrt, a 2005 wani Bajamushe, Sebastian Gottschall, ya fitar da DD-WRT, a 2006 kuma Jonathan Zarate ya fitar da Tomato. Yau OpenWrt ce uwa ma ba da mama a wannan fage, tana hawa kan na'urori sama da dubu, har wasu kamfanonin a kanta suke gina manhajarsu.

A kan waccan rauta ɗin ne kuma aka fara ɗana tarkon da har yanzu ya fi kama mutane. A 2005 Linksys ya fitar da zubi na biyar: suna ɗaya, kwali ɗaya, amma an raba ma'ajiya biyu, ta manhaja daga megabait 4 zuwa 2, ta aiki daga 16 zuwa 8, an kuma cire Linux an sa VxWorks. Mutane suka saya da niyyar zuba manhajarsu, suka tarar ba wurin zubawa. Sai da kamfanin ya dawo da tsohon tsarin a ƙarƙashin wani suna, WRT54GL.

Shi ya sa abu na farko da Injiniya ke yi shi ne ya kifa rautar ya karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Sunan da ke kan kwali ba ya wadatar da shi, lambar zubi yake nema, wadda ake rubutawa ƙanana a gefe: v2, v5, v13. TL-WR841N ta TP-Link, wadda ta cika kasuwanninmu, ta kai zubi goma sha huɗu, kuma na sha uku ƙwaƙwalwar MediaTek gare shi alhali wanda ya gabace shi Qualcomm Atheros ne. Fayil ɗin ɗaya ba ya yi wa ɗayan magani, kashe shi yake yi. Ko an dace da zubi, fayil iri biyu ne. Akwai wanda ake sawa a karon farko daga shafin kamfani, sunansa na ɗauke da kalmar factory, akwai kuma wanda ake sabuntawa da shi bayan OpenWrt ta riga ta zauna, mai kalmar sysupgrade. Sannan a ƙasar da sabis ke yankewa ana tsakiyar sauke abu, fayil na iya zuwa da giɓi ba tare da ya nuna alama ba. Kusa da kowane fayil ana wallafa wata doguwar lamba ta SHA256. Injiniya ya lissafa ta nasa kwafin ya gwada da ita, in harafi ɗaya ya saɓa ya sake saukewa. Aikin minti ɗaya ne, amma masu gaggawa shi suke fara tsallakewa.

'Yar aisin nan a kashe take gida-gida. A farkonta akwai ƙaramar manhajar da ke tada na'ura in an kunna wuta: CFE a rautoci masu ƙwaƙwalwar Broadcom, U-Boot a yawancin sauran. Bayanta sai Linux da fayilolinta, sai wurin ajiye saitin mai gida, sai wani ɗan yanki na awon rediyo. Irin wannan ma'ajiya ba a rubutu a kan rubutu, sai an goge tsohon kafin a zuba sabon. Kamar mai sauya rufin ɗaki ne da damina: akwai lokacin da an yaye tsohon kwano ba a buga sabo ba, in hadari ya taso a nan, sai dai haƙuri. A rauta wannan lokaci minti biyu ne zuwa biyar, hadarin kuwa ɗauke wuta ne. Littattafan koyarwa da aka rubuta a Turai layi ɗaya suke ba wannan gargaɗi, domin a can abin da wuya ya faru. A nan shi ne babi na farko. Injiniyan da ya san abin da yake yi ba ya filashin a kan wutar gari, ba ya yi a kan janaretan da mai ya kusa ƙare masa. UPS yake jonawa, ko inbata, ko batir mai bolt 12 in da shi rautar ke aiki. Kuma da kebul yake haɗa laftof da rauta, ba ta wayfai ba, tunda wayfai ɗin na cikin abin da ake shirin gogewa.

Yankin awon rediyo shi ne wanda ba shi da madadi. A rautocin Atheros ana kiransa ART, kilobait 64 ne kacal a ƙarshen aisi. A masana'anta ake auna rediyon kowace na'ura ita kaɗai a rubuta sakamakon a nan, don haka ba ya cikin kowane fayil da za a sauke. In ya goge, rauta za ta tashi, kebul zai yi aiki, amma wayfai ko dai ya ɓace ko ya zama ba ya wuce ƙofar ɗaki. Ana iya aro na wata irinta a lallaɓa, sai dai ba zai taɓa zama daidai ba. Da zarar Injiniya ya samu shiga cikin na'ura, kafin ya yi komai, yakan kwafe wannan yanki da na manhajar tayarwa ya adana a laftof da sunan mai ita. Da wannan ɗabi'a kaɗai za a iya bambanta wanda ya koyi aiki da wanda ya kalli bidiyo biyu.

To amma yawancin aikin da ke zuwa shago ɓarnar wani ce aka kawo. Hirar kusan kullum iri ɗaya ce.

"Injiniya, sabuntawa kawai na yi, daga nan ba ta sake tashi ba."

"Alhaji, wane fayil aka sa mata?"

"Wanda yaron gida ya sauke."

"An ɗauke wuta tana cikin yi?"

"Wallahi an ɗan ƙifta, amma nan da nan aka dawo da ita."

"To, zauna mu gani. Ina cajarta?"

Tambayar caja ba ta wasa ba ce. Cajar da ta sha hawa da saukar wuta takan nuna bolt 12 a mita in ba a jona mata komai ba, amma da rediyo ya tashi ya ja wuta sai ta gaza, rauta ta mutu ta sake kunnuwa, ta yi ta wannan zagaye. Mai ita ya rantse manhaja ce, alhali caja ce. Injiniya ya jona tasa da ya yarda da ita, wani lokaci a nan maganar ke ƙarewa.

Sau da yawa kuma rautar lafiyarta ƙalau, mai ita ne ya ɓata hanya. OpenWrt in ta tashi a karon farko wayfai ɗinta a kashe yake, da gangan, domin kada ta buɗe wa unguwa ƙofa babu kalmar sirri. Wanda bai san haka ba zai duba waya, bai ga suna ba, ya ce ta mutu. Adireshinta ma ya sauya: da tana amsawa a 192.168.0.1, yanzu ta koma 192.168.1.1. In kuma na'urar da ke kawo intanet gidan ita ma a 192.168.1.1 take zaune, sai su yi karo, shafin saiti ya buɗe amma intanet ya ƙi wucewa. Maganin wannan sauya lamba ɗaya ne. Injiniya na karɓar kuɗinsa a kan irin wannan, kuma ni ban ga laifinsa ba, domin sanin wace lamba ce aka biya.

Mataki na gaba shi ne rautar da manhajarta ke nan amma saiti ya rikita ta. Wannan ya fi faruwa ga masu sabuntawa daga tsohon zubi zuwa sabo suna riƙe da tsohon saitinsu. A zubin 21.02 OpenWrt ta sauya yadda take sarrafa ramukan kebul a na'urori da yawa, tsohon saiti ya daina daidaituwa da sabon tsari, wanda ya tilasta masa shiga sai ya tarar duk ramukan sun yi shiru. An gina manhajar da sanin za a yi irin wannan. Ainihinta a kulle yake ba a rubutu a kansa, duk gyaran mai gida a wani gefe dabam ake ajiye shi. Saboda haka in ana kunna ta, daidai lokacin da fitila ta fara ƙiftawa da sauri, Injiniya ya danna maɓalli, sai ta tashi ta yi watsi da saitin gaba ɗaya. Ya ba laftof adireshin 192.168.1.2 da hannunsa, ya shiga, ya rubuta firstboot, ta koma yadda take ranar da aka zuba ta.

In wannan bai yi ba, to Linux ɗin ce ta lalace, sai a koma neman manhajar tayarwa. A nan ne aikin ke fara daɗi. Injiniya ya sa laftof ta yi ta aika wa rautar sallama da umarnin ping ba tsayawa, sannan ya kunna wuta yana kallon allo. Layuka suna ta zubowa, babu amsa, babu amsa, can sai amsa biyu ko uku su gilma su ɓace. A tsoffin rautocin Broadcom, in lambar TTL da ke cikin amsar 100 ce, CFE ce ke magana, in 64 ce, Linux ta tashi. Ganin 100 ɗin nan albishir ne: mai tayarwa na da rai, kuma na 'yan daƙiƙu tana sauraron a miƙo mata sabon fayil.

Kowane kamfani da ƙofar bayan da ya bari. A Archer C7 ta TP-Link sai an sa laftof a 192.168.0.66, a ba fayil ainihin sunan da rautar ke nema ba ragi ba ƙari, a buɗe manhajar TFTP, a danne maɓallin reset a kunna wuta ba a saki ba. Asus na da nata yanayin ceto, D-Link na da ɗan shafin gaggawa a burauza, Netgear kuma ana kamo ta da wata manhaja mai suna nmrpflash. Wasu manyan Linksys, irin su WRT3200ACM, kwafi biyu na manhaja suke riƙewa, in aka katse musu tashi sau uku a jere sai su koma kan ɗayan da kansu. A rubuce abin da sauƙi. A aikace kuwa katangar tsaron Windows na iya tare fayil ɗin ba ta faɗa wa kowa ba, ko ramin kebul na laftof ya yi nawar farkawa har damar ta wuce. Tsofaffin hannu sukan sa ƙaramin suwic tsakanin laftof da rauta, domin layin laftof ya zauna a farke tun kafin a kunna. Komawa manhajar kamfani ma da nata ramin: wasu tsoffin fayilolin TP-Link masu kalmar boot a sunansu suna ɗauke da manhajar tayarwa a gaba, in ba a yanke wannan kan ba aka tura daga cikin OpenWrt, an sake sumar da ita.

Akwai wata al'ada da ta ƙi mutuwa, wai ita 30-30-30: a danne reset daƙiƙa talatin da wuta, talatin ba wuta, talatin an mayar da wuta. A kan tsoffin Broadcom aka ƙirƙiro ta, kuma a can ta yi amfani. A OpenWrt ba ta tsinana komai, a wasu sababbin na'urori ma ana gargaɗin kada a yi. Duk da haka za ka ga yaron shago ya danne da tsinke yana ƙirga a zuci, don haka ya ga ana yi.

In ƙofar baya ta ƙi buɗuwa sai a kwance sukurori, waɗanda yawanci a ƙarƙashin robobin ƙafa suke ɓoye. A kan fanel akwai ramuka huɗu a jere, wani lokaci da alluransu, wani lokaci sai an liƙa da dalma. Ta nan injiniyoyin masana'anta suke jin abin da na'ura ke faɗa. Ba kasafai ake rubuta sunayensu ba, da mita ake gane su: wanda ya haɗu da ƙarfen jikin fanel shi ne na ƙasa, wanda ya tsaya cak a bolt 3.3 na wuta ne, wanda awonsa ke rawa lokacin kunnawa shi ne bakin da ke magana, na huɗun kunne ne. Ana haɗa uku da 'yar na'urar USB mai aisin CP2102 ko CH340, bakin wannan zuwa kunnen waccan. Na wutar ba a taɓa shi, kuma na'urar da aka bari a kan bolt 5 na iya ƙona ƙwaƙwalwar. A sa gudu a 115200. In an yi kuskuren gudu, tarkacen alamomi ne za su cika allo. In an dace, sai rautar da kowa ya ce ta mutu ta fara ba da labarin kanta layi-layi: ga sunana, ga yawan ma'ajiyata, na nemi Linux a wuri kaza, abin da na tarar ba daidai ba ne. A tsoffin TP-Link daƙiƙa ɗaya tak U-Boot ke jira, a cikinta sai an rubuta tpl. Akan yi ta kuskurewa ana sake kunnawa. Da an kama ta, sai a jawo fayil ta kebul zuwa ma'ajiyar aiki, a goge yankin da ya lalace, a rubuta sabo. Adireshin da za a goge da hannu ake rubuta shi, kuma sifili ɗaya ya isa ya haɗa da manhajar tayarwar. A nan ba a amsa waya, ba a hira.

In allon ya yi tsit ko harafi babu, an kai bango. Sai a fito da CH341A, 'yar na'ura mai araha da ke karanta aisi kai tsaye, da matsenta mai haƙora takwas. A nemo ɗigon da ke nuna ƙafa ta ɗaya, a matse, a karanta sau biyu a gwada ko sun zo ɗaya, domin matsen yakan zame. Wani fanel ɗin ba ya bari a karanta a jikinsa, sai an ɗaga aisin da iska mai zafi. Da yawa daga cikin baƙaƙen CH341A da ke kasuwa bolt 5 suke turawa a layin bayanai alhali aisin ta 3.3 ce, masu lura sukan yi musu gyara kafin su fara aiki da su. A wannan mataki ne kwafin da aka adana tun farko ke biyan kuɗinsa. Wasu ma sukan cire aisin megabait 4 su dasa ta 16, su mayar da yankin ART ƙarshen sabuwar. Sababbin rautoci masu ma'ajiyar NAND ba sa karɓar wannan dabara cikin sauƙi, kuma aikinsu kan fi ƙarfin kayan ƙaramin shago.

Mai karatu na iya cewa, duk wannan wahala a kan me? Amsar tana wurin masu kawo aikin. Mai shagon buga takardu yana so in layi ɗaya ya yanke rauta ta koma kan na biyu da kanta, kuma mwan3 na yin haka. Magidanci ya gaji da yadda kiran bidiyo ke sarƙewa da zarar yara sun fara sauke fim. SQM na maganin wannan, ta hanyar riƙe gudu ƙasa kaɗan da ƙarfin layi domin kada cunkoso ya taru. Sai dai a layin sim gudun safe dabam na dare dabam, wanda ya auna da hantsi ya saita, da magariba aikinsa ya tashi a banza. Tun da Starlink ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, masu sayar da wayfai a unguwa da tikiti sun ƙaru. Da yawansu MikroTik ta ƙasar Latbiya suke amfani da ita, wadda ke da manhajarta, amma masu ƙaramin jari kan nemi a zuba wa tsohuwar rauta abin da zai yi musu wannan aiki.

Dalilin da ya fi nauyi kuwa ba mai zuwa shago dominsa, wato tsaro. A 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta mamaye kyamarori da rautoci ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, aka yi amfani da su a Oktoban shekarar aka durƙusar da kamfanin Dyn, har Twitter da Netflix suka ɗauke wa jama'a da dama. A Mayun 2018 masu bincike na Cisco Talos suka ce VPNFilter ta kama na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, har hukumar FBI ta roƙi mutane su kashe rautocinsu su sake kunnawa. Rautar da kamfaninta ya daina yi wa gyara, duk ramin da aka gano a jikinta a buɗe zai zauna. Irinsu ne kuma ake jibgo mana a matsayin 'yan gwanjo.

Duk da haka, a ganina rabin ƙwarewar Injiniya na cikin iya cewa a'a. Yawancin gidajenmu rautar sim ce, irin su Huawei B310 da B315 da ƙananan na aljihu, kuma waɗannan ba gonar OpenWrt ba ce. Abin da ake kawo su a yi musu shi ne buɗewa domin su karɓi kowane layi, wanda aiki ne dabam, sau da yawa da gyararrun fayilolin da ba a san wanda ya taɓa su ba. Duk saƙon banki da na sirri na gidan ta cikin wannan na'ura zai bi, don haka mai gaskiya zai gaya wa kwastoma daga ina fayil ya fito, kuma ba zai taɓa lambar IMEI ba ko nawa aka ba shi. Rautar da rediyonta na Broadcom ne ma ba ta jin daɗin OpenWrt, saboda kamfanin bai saki rubutun da ke tuƙa rediyon ba. Irinta DD-WRT ko FreshTomato ko Asuswrt-Merlin ta fi dacewa da ita. Masu megabait 4 na manhaja da 32 na aiki kuwa, zubin 19.07 ne na ƙarshe da ya ɗauke su. Wanda ya sa maka shi yau ya ce ya ƙara maka tsaro, tsohon kaya ya sayar maka.

Sai masu cewa a ƙure musu ƙarfin rediyo ya kai ƙofar gida. Ko rauta ta yi ihu, wayar da ke can nesa ba ta da muryar da za ta amsa, sandunan sabis za su cika a allo amma shafi ya ƙi buɗewa. Gara a matsar da rautar tsakiyar gida ko a ja kebul a ƙara wata. Batun ƙarfin rediyo ya taɓa kaiwa ga hukuma: a Agustan 2016 TP-Link ya amince ya biya hukumar sadarwar Amurka, FCC, dala 200,000 saboda rautocin da ake iya ɗaga ƙarfinsu fiye da ƙa'ida, kuma cikin sulhun aka sa ya yi aiki da masu manhajar sa kai maimakon ya toshe musu hanya.

Ba sana'ar da ake yin arziki da ita ba ce. Ƙaramar rauta na da arha, awa uku na Injiniya a kanta na iya fin kuɗinta, shi ya sa aikin buɗe fanel sai a kan mai tsada, ko don a koya wa yaro. Da matattun da masu su suka bari ake koyo: oga ya miƙa wa yaro ɗaya ya ce ya sa ta yi magana, in ya ƙona ta ba a yi asara ba. Turancin karanta bayanai dole ne, haƙuri ya fi shi zama dole. A ƙarshen 2024 masu OpenWrt, tare da ƙungiyar Software Freedom Conservancy, suka fitar da rautarsu ta farko, OpenWrt One, a kan dala 89. Sun sa mata ma'ajiya ta biyu ta ceto da maɓallin komawa kanta, suka kuma fito da layin jin maganar na'ura waje ta ramin USB-C, ba sai an kwance sukuru ko an narka dalma ba. Kafin irinta ta yawaita a kasuwanninmu, sauran rautocin na nan, ɗauke wuta ma na nan.

Idan za ka kai taka, ka tafi da cajarta, kada ka ɓanɓare takardar ƙasanta, kuma ka faɗi gaskiyar abin da aka yi mata a gida, har da abin da yaro ya danna. Kafin ka bar ta, tambayi Injiniya abu biyu: zai kwafe abin da ke cikinta kafin ya goge, kuma a kan wace wuta zai yi aikin? In ya ce ba sai an yi wannan ba, ɗauki kayanka ka ƙara gaba.